Gargaɗi ga mutanen Katsina da Daura: hannun jarin "gonar bayodizal" damfara ce

Assalamu alaikum jama'a. Naira dubu 450. Ku riƙe wannan adadi, shi ne kuɗin da ake karɓa da sunan hekta ɗaya ta binidazugu, wai za a matse ƴaƴanta a mayar da man dizal, kai kuma kana zaune duk wata a turo maka kashi 15 cikin ɗari. Mu goma sha huɗu muka zuba, kowa dubu 450, jimla miliyan 6 da dubu 300. Yau wata huɗu ke nan ba uwa ba riba. Ofishin da masu karɓar kuɗin suka kama a hanyar Jibiya an garƙame shi da kwaɗo, layukansu duk a kashe.

Kada wanda ya ce mana kwaɗayi ne ya kai mu. A cikinmu akwai masu injin matse gyaɗa, akwai makanikan janareta, mutanen da sun san mai tun daga ƙwaya har nozul. Gwajin nan ne ya ci mu. Mutuminsu ya ɗauko gorar ruwa cike da mai ruwan zuma, wai bayodizal ɗinsu ne, ya ce, "Alhaji, zo ka zuba da hannunka, kada ka ce mun yi dabara." Aka zare tiyo daga tankin injin Lister, aka tsoma a gorar, aka tayar. Injin ya ɗauka, hayaƙin na ɗan ƙamshin suya. Muka dubi juna. A nan aka gama da mu, a kan gora ɗaya da ba ta cika lita biyu ba. Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne mun sani sarai injin dizal mai zafi zai sha ko ɗanyen man gyaɗa ya yi minti goma bai tari ba. Sai bayan makonni yake daskarar da datti a nozul ya kama zoben fistin. Mun sani. Amma ya ce zuba da hannunka, ga takardar rajistar kamfani ta CAC a bango, ga hotunan gona kore shar, ga shi an sallame sallar la'asar tare da shi a sahu ɗaya.

Wata biyun farko sun biya, dubu 67 da ɗari biyar kowane kai, alat na shigowa ranar da aka yi alkawari. A'a, kafin nan ma sai da suka kai uku daga cikinmu wata gona can wajen Mai'aduwa, shingen binidazugu ne zagaye da gero, suka ce wannan gandun reno ne, babbar gonar na gaba, hanya ba kyau. Ba wanda ya taɓa ganin babbar gonar. Kuɗinmu suka gutsuro suka ba mu, mu kuma muka je muka jawo wasu. Wannan kunyar ta fi dubu 450 ciwo.

To ga lissafin da ya kamata a yi tun a ranar, kowa ya ɗauki biro. Ƴaƴan binidazugu na ɗauke da mai kusan kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari, amma injin matsa ba ya fitar da shi duka, wajen kilo huɗu ne ke ba ka lita ɗaya. Itacen yana ɗaukar shekara uku zuwa biyar kafin ya yi ƴaƴan kirki. Gaskiya ne ba ya mutuwa a fari, shi ya sa kakanninmu suka yi shinge da shi, amma rayuwa daban, haihuwa daban. Don ya zuba ƴaƴa yana son ruwan sama milimita 1,000 zuwa 1,500 a shekara, mu kuwa nan arewacin Katsina da wuya damina ta wuce 700. A yi musu adalci a ce hekta ta ba da tan guda. Lita 250 ke nan. A ƙaddara ana sayar da lita naira 1,200, ka samu dubu 300 a shekara, ba ka cire kuɗin tsinka, ɓara, matsa, sinadari da jigila ba. Su kuwa sun yi alkawarin dubu 810 a shekara kan hektar nan, tun daga watan farko, itacen ko toho bai yi ba. Dubu 810 daga gonar da ko an yi sa'a dubu 300 za ta kawo!

Kuma duk mai injin gyaɗa ya san rabin rufin asirinsa a tunkuza yake. Ta binidazugu guba ce, ba a ba dabba, sai dai taki. Wannan ƙofar riba a rufe take.

Shi kansa haɗin bayodizal ɗin ba a gora ake yin sa ba. Kowace lita ta mai tana buƙatar sinadarin mitanol kamar mililita 200, da sodar sabulu giram uku da rabi idan man sabo ne mai tsabta. A narkar da sodar a mitanol, a ɗumama man ya kai digiri 55 zuwa 60, kada ya wuce domin mitanol na tafasa a wajen 65, a juya kamar awa ɗaya, a bar shi ya kwana. Gilisirin, wani ruwa mai kauri da duhu da haɗin ke fitarwa, zai kwanta a ƙasa, kusan kashi ɗaya cikin goma, a tsiyaye shi. Sannan a wanke man da ruwa sau da yawa har ruwan ya fito garau, a busar, a tace. Man binidazugu da ya jima a ajiye tsaminsa na hawa, idan ka zuba masa soda kai tsaye sabulu za ka samu, kirtif a duro, sai an fara bi da shi ta ruwan asid. Ruwa kaɗan ya shiga, aikin ya lalace. Mitanol kuwa guba ne, yana makanta mutum, yana kama wuta da harshen da ba a cika gani da rana ba. A ofishin nan ba mu ga duron mitanol ko ɗaya ba, ba tukunyar haɗi, ba ma'aunin zafi, ba ko ɗigon gilisirin. Mai yin lita dubu a rana, kamar yadda suka ce, gilisirin kaɗai zai cika masa harabar. Me ya hana mu tambaya? Gorar nan ce. Zuba da hannunka, Alhaji.

Sun yi ta ambaton Indunusiya da Amurka da Barazil, kuma a nan ba ƙarya suka yi ba, shi ya sa maganar ta shiga. Indunusiya ta kai haɗin bayodizal kashi 40 cikin ɗari a cikin dizal a 2025, amma doka ce ta tilasta, kuma gwamnati na cike giɓin farashi da harajin da take karɓa kan manjan da ake fitarwa waje. Amurka ta shafe shekaru tana ba da rangwamen haraji na dala ɗaya kan kowane galan. Barazil waken suya gare ta jibge, da dokar haɗawa. Ko'ina kuɗin ɗanyen mai ne ke cinye kashi 70 zuwa 80 na abin da ake kashewa, saboda haka ribar siririya ce, doka da tallafi ke riƙe da ita. A Najeriya an fitar da manufar man tsirrai tun 2007, aka ambaci haɗin kashi 20, amma har yau ba gidan man da aka tilasta wa saye. Ku shiga babbar kasuwar Katsina ku tambayi kuɗin jarkar man gyaɗa ko manja mai lita 25, ku raba da 25, ku kwatanta da litar dizal. Man miya ya fi tsada. Wa zai sayi mai tsada, ya ƙara masa mitanol, ya sayar da arha, alhali bayodizal ma ƙarfinsa bai kai na dizal ba da kusan kashi goma? Ga matatar Dangote tun 2024 tana zubo dizal kasuwa. Ita kanta binidazugun, babban kamfanin mai na BP ya shiga harkarta da kamfanin D1 Oils a 2007, zuwa 2009 ya janye. Masu biliyoyin daloli sun gudu, sai ga wani da gora yana raba kashi 15 duk wata.

Sana'ar na iya tsayuwa ga wanda ke samun tsohon man suya da araha yana yi wa injinsa, ƴan lita kaɗan, yana canza filta a kai a kai, ya sauya tiyon roba domin man na cin sa, kuma bai ajiye shi ya wuce wata shida ba. Wannan ba ya kama da sayar da hekta a takarda.

Shawara gajeruwa ce. Takardar CAC ba lasisin karɓar jarin mutane ba ce, ku nemi rajistar hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari. Dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin wannan tsari, har da ɗauri. In an nuna muku mai, ku ɗebi mililita 3 ku zuba a mililita 27 na mitanol ku girgiza: na gaske zai narke tas, dizal da aka surka da man miya zai rabu. Kada ku zuba ko sisi.

Mun ji sun koma ɓangaren Daura da Sandamu da sabon suna, suna bin ƙungiyoyin adashen mata, sun rage hektar zuwa rabi don ta yi sauƙin saye. Rasitai goma sha huɗu suna hannunmu, kowane dubu 450, da hotunan hirar WhatsApp da alat ɗin wata biyun. Mun haɗa takardar ƙorafi zuwa EFCC, kuma da zarar lauya ya ba da izini za mu saka hujjojin kowa ya gani. Wanda duk aka karɓi kuɗinsa ya adana rasitinsa, kada ya goge saƙo ko ɗaya, ya neme mu a haɗa suna.