Bitar aikin wani shago a Katsina: ɗora Linux Mint kusa da Windows a tsohuwar kwamfuta

Tun daga ranar 14 ga Oktoban 2025, da wa'adin tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare, masu tsofaffin kwamfutoci suka shiga tsaka mai wuya. Windows 11 tana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) aƙalla giga 4, da wurin ajiya giga 64, kuma a ɓangaren Intel galibi sai injin da ya fara daga zubi na takwas zuwa sama. Da yawa daga cikin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da malamai da ƙananan ma'aikata a Katsina na hannu ne, an ƙera su kafin wannan zubi, ga shi kuma kuɗin sabuwa ba na kowa ba ne a halin da ake ciki. Wata mafita da ba a cika sani ba a nan ita ce a bar Windows a inda take, a ɗora wata babbar manhaja mara nauyi a gefenta, mutum ya riƙa zaɓar wadda zai shiga duk lokacin da ya kunna kwamfutar. Wani ƙaramin shagon gyaran kwamfuta a gefen titin IBB ya yi mini wannan aiki, kuma na daɗe ina amfani da abin da aka ɗora mini har na ga ya dace in faɗi inda aikin ya yi kyau da inda ya gaza.

Kwamfutar tawa tana da injin Core i3 na tsohon zubi, da RAM giga 4, da rumbun ajiya mai faifai na giga 500. Ba ta lalace ba, tsufa ne kawai ya kama ta, ta yadda buɗe shafukan intanet kaɗan tare da takarda ɗaya kan sa ta tsaya cik. Ban so a goge Windows ba, domin akwai ayyukan CorelDRAW da nake yi jefi-jefi, kuma wannan manhaja ba ta da zubin Linux.

Abin da ya fara gamsar da ni shi ne, mai gyaran bai kai hannu ga filash ɗin da ake ɗora manhajar da shi ba sai da ya yi tambayoyi. Mafi yawanmu mun saba da cewa da zarar an kai kwamfuta mai nauyi shago, maganin da ake fara ambata shi ne fomatin, a share komai a sake zubawa, ko da kuwa hotunan iyali da aikin shekaru suna ciki. Shi kuwa ya tambayi abin da nake yi da ita a kullum, da irin firintar da nake haɗawa da ita, sannan ya ce, "Malam, kafin mu taɓa komai, ina kwafin takardunka yake?" Da na ce masa babu, sai ya ce ba zai fara ba sai an kwashe su zuwa wani rumbu na waje. Wannan ya ci lokaci mai tsawo, har wani da ke jiran layi ya fara ƙorafi, amma bai fasa ba. A ganina rabin darajar aikin a nan take, domin rage girman yankin da Windows take zaune a rumbu aiki ne da kan tafi lafiya a mafi yawan lokuta, sai dai idan wuta ta ɗauke a tsakiyarsa alhali batirin ya mutu, ana iya rasa komai. Ya san da haka, shi ya sa ya jona kwamfutar a kan inbatar shagon maimakon ya dogara da wutar NEPA.

Zaɓin da ya yi mini shi ne Linux Mint mai fuskar Xfce. Linux dai ta samo asali ne a 1991 daga Linus Torvalds, lokacin yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, kuma a yau akwai ire-irenta da dama da ake rabawa kyauta. Mint ta fara fitowa a 2006, tana kuma zuwa da fuskoki uku, wato Cinnamon da MATE da Xfce, ta ƙarshen ce mafi rashin nauyi. Zubi na 22 ya fito a Yulin 2024, an gina shi a kan wani nau'in Linux mai suna Ubuntu 24.04, kuma zai ci gaba da samun gyare-gyaren tsaro har 2029. Mafi ƙarancin abin da take nema shi ne RAM giga 2 da wurin ajiya giga 20, ko da yake masu ita sun fi ba da shawarar giga 4 da giga 100. Na tambaye shi dalilin da ya sa bai zaɓi wasu ire-iren Linux kamar Lubuntu ko antiX ba, tunda ana cewa sun fi ta sauƙi. Amsarsa ita ce, antiX ta fi dacewa da kwamfutar da ta fi tawa tsufa sosai, musamman mai tsarin bit 32 wadda Mint ta daina yi wa zubi tun daga na 20, amma ga wanda ya saba da Windows, tsarin Mint ne zai fi saurin ganewa, domin maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu, agogo kuma ta dama, kamar yadda ido ya saba. Na yarda da wannan hujja a lokacin, kuma har yanzu ban ga abin da ya rushe ta ba.

Shirin da ya yi a cikin Windows kafin ɗorawa ya cancanci a bayyana shi dalla-dalla, saboda a nan ne ake bambance wanda ya san aikin da mai kwaikwayo. Ya fara duba ko an kulle rumbun da BitLocker, domin idan a kulle yake kuma mai kwamfutar bai adana lambar buɗewa ba, canjin da za a yi wa hanyar tashi yana iya sa Windows ta nemi lambar da babu wanda ya san ta. Tawa ba a kulle take ba. Daga nan ya kashe tsarin saurin tashi, wanda ke sa Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya idan an kashe ta, sai dai ta yi wani irin barci tana riƙe da rumbun, abin da ke hana Linux yin rubutu a wannan yanki. Sannan ya rage yankin Windows da kayan aikin sarrafa rumbu na Windows ɗin kanta, ya ware giga 100 fanko, maimakon ya bar wa manhajar ɗorawa ta yanka da kanta. A ƙarshe ya tabbatar cewa Windows a sabon tsarin tashi na UEFI aka ɗora ta, don ya tashi filash ɗin a wannan tsari, saboda idan ɗaya tana UEFI ɗaya kuma tana tsohon tsarin BIOS, ba za su ga juna ba.

Bai ɗora nan take ba. Ya tashi Mint daga filash ɗin ba tare da an rubuta komai a rumbu ba, ya miƙo mini kwamfutar ya ce in gwada. Sauti ya fito, kyamara ta buɗe, maɓallan ƙara haske da rage shi sun yi aiki, firintar shagon ma ta amsa ba tare da an nemo mata komai ba. Wi-Fi ne kaɗai bai bayyana ba. Ya ce katin Wi-Fi ɗin yana buƙatar ƙarin direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa shi aiki, kuma bayan an gama ɗorawa ya haɗa wayarsa da kebul ya ba kwamfutar intanet, ya sauko da direban ta manhajar kula da direbobi da Mint take zuwa da ita, nan da nan alamar ta fito. A allon da ake zaɓar yadda za a ɗora, ya dakata ya nuna mini da yatsa layuka biyu da ke manne da juna: na sama yana cewa a ɗora kusa da Windows, na ƙasa yana cewa a goge rumbun baki ɗaya. "Ka ga wannan na biyun," in ji shi, "shi ne ke sa mutane kuka." Ɗorawar kanta ba ta kai rabin lokacin da aka ɓata wajen kwashe takardu ba.

Yanzu idan na kunna kwamfutar, wani baƙin allo mai suna GRUB ne ke fara fitowa da jerin sunaye. Matsayinsa kamar na zaure ne a gida mai sassa biyu: ta nan kowa ke shiga, sannan ya nufi sashen da yake so. Idan ban taɓa komai ba na daƙiƙa 10, sai ta shige Mint. Ba a gudanar da su biyun a lokaci guda, dole sai an kashe ɗaya an shiga ɗaya, kuma ya kamata duk mai sha'awar wannan tsari ya san haka tun farko, don kada ya zaci zai riƙa tsallakawa tsakaninsu kamar yadda ake canza shafi.

Game da sauri, bambancin a bayyane yake. Idan Mint ta gama tashi ba ta cin RAM da ya kai giga 1, saboda haka saura mai yawa yana nan don aiki, kuma ina buɗe Firefox da shafuka da dama tare da manhajar rubuta takardu ta LibreOffice ba tare da ta tsaya ba. Sabuntawa ma ba ta sauka sai na ba da izini, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa. Daga cikin Mint ina buɗe takardun da ke yankin Windows kai tsaye, amma Windows ba ta ganin na yankin Mint, domin ba ta karanta ext4, tsarin ajiyar fayiloli na Mint, da kanta, don haka duk abin da nake buƙata a ɓangarorin biyu a yankin Windows nake ajiye shi. LibreOffice tana buɗe takardun Word, sai dai takarda mai jadawali da yawa takan ɗan sauya tsari, shi ya sa duk abin da zan kai a buga nake mayar da shi PDF tukuna. Dole kuma a faɗi gaskiya cewa manhaja ba ta mayar da tsohon rumbu sabo. Mai gyaran ya ce idan na samu hali in sa SSD, wato rumbu mara faifai mai sauri, ya faɗa sau ɗaya bai matsa ba, alhali yana da su a shagon, kuma na yaba da wannan.

Inda aikin ya gaza shi ne bayanin bayan ɗorawa. Da na koma gida na shiga Mint na fito na shiga Windows, sai na tarar agogo ya koma baya da awa ɗaya daidai. Na gyara, na sake zagayawa, ya sake komawa. Dalilin sananne ne: Linux tana ajiye agogon cikin na'ura a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma tana ɗaukar abin da ta tarar a matsayin lokacin gida, Najeriya kuwa tana gaban UTC da awa ɗaya. Umarni ɗaya ne ke warware shi a cikin Mint, kuma da na koma ya rubuta shi cikin ƙasa da minti ɗaya bai karɓi ko sisi ba. Amma matsala ce da ke samun kusan duk wanda ya haɗa waɗannan manhajoji biyu, don haka kamata ya yi a ce tana cikin aikin tun farko. Wanda yake duba agogon kwamfutarsa don shiga aji ko cike fom mai wa'adi yana iya cutuwa kafin ya lura.

Akwai abin da ya fi wannan haɗari wanda shi ma bai ambata ba sai da na tambaya. Idan wata rana mutum ya gaji da Linux ya shiga Windows ya goge yankinta kawai, kwamfutar tana iya tashi ta tsaya a baƙin allo, domin GRUB yana neman fayilolinsa a wurin da aka share. Windows tana nan lafiya a ciki, amma sai an mayar da ita kan gaba a jerin tashi kafin a same ta, kuma wanda bai sani ba zai ɗauka komai ya tafi, ya yarda a yi masa fomatin. Haka nan wata babbar sabuntawa ta Windows takan iya sauya jerin, kwamfutar ta riƙa wucewa kai tsaye ba tare da nuna zaɓi ba. Bai kuma kunna mini Timeshift ba, manhajar da ke ɗaukar hoton tsarin don a koma baya idan wani abu ya lalace, duk da cewa tana cikin Mint tun asali. Takarda guda mai layuka kaɗan da Hausa, a miƙa wa kowane abokin ciniki, da ta rufe wannan giɓi gaba ɗaya, kuma na faɗa masa haka.

Wani abu da ya shafe mu musamman shi ne haruffa masu lanƙwasa. Na ce masa, "Injiniya, yaya zan rubuta ƙ da ɗ da ɓ a nan?" Bai taɓa dubawa ba, amma bai yi mini ƙarya ba, muka buɗe saitin allon rubutu tare muka tarar da tsarin Hausa na Najeriya a cikin jerin, aka ƙara shi kusa da na Ingilishi. A gari irin Katsina, inda ake da ɗaliban Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da marubuta da masu fassara, ya dace mai wannan sana'a ya san da shi kafin a tambaye shi.

Kuɗin aikin bai kai na sabuwar caja ba, kuma bai caje ni kuɗin manhajar ba, ya ma faɗa da bakinsa cewa kyauta ce. Shagon ƙarami ne, benci ɗaya ne na masu jira, kuma da rana akwai cunkoso, saboda haka zuwa da safe ya fi. Zan tura ɗalibi ko malami ko duk wanda yawancin aikinsa rubutu ne da bincike a intanet, musamman mai RAM giga 4 ko ƙasa da haka. Wanda kuwa yake wuni a kan CorelDRAW ko Photoshop, kamar masu shagunan buga takardu, ba zai amfana sosai ba, tunda a Windows zai ci gaba da zama, gara ya sa kuɗinsa a ƙarin RAM da SSD. Mai zuwa ya tafi da rumbun waje ko babban filash na kwashe takardunsa, kuma kafin ya bar shagon ya sa a gyara agogo, a kunna Timeshift, a shiga kowace manhaja a gabansa, sannan a nuna masa maɓallin da ke buɗe jerin tashi a irin kwamfutarsa, wanda galibi F9 ne a HP, F12 kuma a Dell da Lenovo.