Kafin ka sayi lasisin manhaja na hannu, ka karanta wannan

Wani ƙanina da ke da shagon buga takardu da katin biki ya kira ni kwanaki, wai ya samu wani bawan Allah da ya rufe ofis, yana da Office (manhajar Microsoft mai ɗauke da Word da Excel) da CorelDRAW (manhajar zane) na asali waɗanda ba ya amfani da su kuma, zai bar masa a rabin kuɗi. To ya saya ne, ko ya ƙara kuɗi ya ɗauki sabo, ko ya bi makullan nan masu arha da ake ta tallatawa a intanet? Na ce masa dakata tukuna, kar ka tura ko sisi, don ni abin ya taɓa cin kuɗina.

Abu na farko da mutane ba sa rabewa shi ne makulli daban lasisi daban. Makulli haruffa da lambobi ne (na Microsoft guda 25 ne) da kake zubawa manhaja ta buɗe, lasisi kuma shi ne izinin da kamfani ya ba ka na amfani da ita. Kamar gida ne, wani zai iya miƙo maka makulli ya buɗe ƙofa lafiya lau amma takardun gidan suna hannun wani. Saboda haka in mai sayarwa ya ce maka "ai ga shi ya yi aiki a gabanka", wannan ba hujja ba ce ko kaɗan.

Bari in fara da makullan arha tunda su suka fi jan mutane. Ni na taɓa sayen guda uku wajen wani a intanet, na zuba, komai ya tafi daidai, har na tura masa godiya. Bayan 'yan watanni ina tsaka da buga wa wata ɗaliba furojet sai ga jan layi a saman Word wai lasisi bai inganta ba, na kira mutumin lamba a kashe. Daga baya na gane daga ina irin waɗannan makullan suke fitowa. Yawanci na kamfanoni ne ko makarantu da suka sayi lasisi a sari, makulli ɗaya mai iya buɗe kwamfutoci da yawa amma da iyaka, sai wani ya fitar da shi ya dinga sayar wa jama'a har adadin ya cika ko kamfani ya toshe shi. Akwai kuma wanda ake kira KMS, shi duk kwana 180 sai kwamfutar ta sake tuntuɓar sabar, wato babbar kwamfutar ma'aikatar da ta mallake shi, in ba ta same ta ba shikenan. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne masu cewa suna sayar da Microsoft 365, wato Office na haya, "na har abada", su ba ka sunan shiga da kalmar sirri. Babu wani 365 na har abada, haya ce ta wata-wata ko shekara, abin da suka ba ka asusu ne a ƙarƙashin wata makaranta ko ma'aikata da ba ka sani ba, kuma duk takardar da ka ajiye a OneDrive ɗin, wato ma'ajiyar asusun a intanet, mai kula da asusun zai iya gani ko ya rufe ka a waje. Ka yi tunanin takardun kwastomominka a wajen. Wannan kam ni ban ba kowa shawara ba.

Sai saye hannu da hannu wajen mutum, irin na ƙanin nan nawa. Nan ne ake iya dacewa, amma sai ka san wane iri ne a hannunsa. Ga Windows, ka ce ya buɗe kwamfutar a gabanka ya shiga baƙin allon nan na Command Prompt ya rubuta slmgr /dli, ƙaramin akwati zai fito ya nuna ko OEM ne ko Retail ko Volume. In OEM ne, wato wanda ya zo da kwamfutar tun daga masana'anta, to a manne yake da ita, ba a cire shi a kai wata, sai dai ka sayi kwamfutar gaba ɗaya lasisin ya biyo ta, shi ya sa laftof ɗin tokumbo da ake kawowa da yawansu Windows ɗinsu na gaske ne ko da mai shago bai sani ba, sai ka ga ya goge ya zuba na boge a kai, abin takaici. In Retail ne, wanda aka saya shi kaɗai, sharuɗɗan Microsoft sun yarda mai shi na farko ya miƙa wa wani muddin ya cire daga tasa. Ka lura da kalmar na farko, in shi ma wajen wani ya saya to magana ta canza. In kuwa Volume ka gani, wato na sarin nan na kamfanoni da makarantu, a hannun mutum ɗaya, ka yi masa sallama kawai.

Office ya fi wahala. Tun daga na 2013 zuwa yau, wanda ake saya ɗaiɗai da zarar an zuba makullin sai ya ɗaure da asusun Microsoft na wanda ya zuba, kuma ba a ɗauke shi daga wannan asusu zuwa wani. Kaga kenan in ya riga ya yi amfani da shi, sai dai ya ba ka imel ɗinsa da kalmar sirri, kuma gobe in ya canza ra'ayi ko ya dawo da asusun ta lambar wayarsa ba ka da ta cewa. Wanda yake da daraja shi ne katin da aka saya ba a kankare ba, ba a taɓa zubawa ba, tare da rasit.

Akwai kuma dillalan Turai da wannan ce sana'arsu, kuma su doka ce ta tsaya musu. A ranar 3 ga Yuli 2012 babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci tsakanin kamfanin manhaja na Oracle da wani kamfanin Jamus mai dillancin lasisin hannu mai suna UsedSoft, ta ce in kamfani ya sayar maka da manhaja da lasisi marar wa'adi ka biya kuɗinka, ba shi da ikon hana ka sayarwa gaba, ko da sauke ta ka yi daga intanet ba faifai aka ba ka ba, ko da an rubuta a yarjejeniya cewa ba a miƙawa. Sharaɗin shi ne mai sayarwa ya lalata kwafin da ke wajensa. A Amurka kuwa akasin haka aka samu, a 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ba kamfanin Autodesk gaskiya a kan Timothy Vernor da ke sayar da tsofaffin kwafin manhajarsu ta zane, AutoCAD, a kasuwar intanet ta eBay, ta ce izinin amfani kawai aka ba masu saye ba mallaka ba. Abin da nake so a gane, hukuncin Turai na manhajar da aka fara sayarwa a yankin Turai ne, can yake aiki, ba rigar kariya ba ce ga mai shago a Kano ko Maraɗi. Amma ya koya mana abin da za mu tambaya, don dillalin kirki a can yana ba ka takardar da ke nuna wa ya fara saye, da shaidar cewa ya goge tasa, da rasit da sunanka. Duk wanda ya fake da "ai halal ne a Turai" amma imel ɗaya kawai ya turo maka da makulli a ciki, to makullin arha ne ya sa babbar riga.

Sannan ka duba shekarun kayan, nan ma ana asara sosai. Office 2016 da 2019 Microsoft ta daina yi musu gyaran tsaro tun 14 ga Oktoba 2025, rana ɗaya da Windows 10, na 2021 ma wa'adinsa Oktoban 2026 ne, shi ko 2024 zai kai 2029. Adobe, masu Photoshop, tun 2013 suka koma haya, kunshin manhajojinsu CS6 na 2012 shi ne na ƙarshe da ake saya a mallaka, kuma tsofaffi irin CS3 an kashe sabar da ke tabbatar da su, za ka iya riƙe faifai na asali da akwatinsa ya ƙi buɗuwa. Autodesk su ma sun daina sayar da na mallaka a 2016. Duk abin da yake haya ba a sayar da shi na hannu, ko a Turai.

Sabo kuwa tsadarsa ce matsalarsa, barin ma yadda dala take, amma ba ka da fargaba. Kuma kar a raina LibreOffice, kyauta ce halak malak, tana buɗe takardun Word da Excel, in dai wasiƙu ne da lissafin shago ta wadatar, sai dai wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce in takardar mai tebura da yawa ce, mai buga furojet ɗin ɗalibai zai ji wannan a jikinsa.

Ga abin da muka tsayar da ƙanina. Ya koma wajen mutumin, ya ce masa ranka ya daɗe a nuna min rasit, sai ga shi ya fito da na CorelDRAW daga cikin fayil da lambar siriyal a jiki. Na ce to wannan a saya, amma a rubuta wa kamfanin tukuna ta imel ɗin da aka yi rajista da shi a ji yadda za a mayar da sunan, a goge daga kwamfutar mutumin a gabansu, a rubuta 'yar takardar ciniki kowa ya sa hannu da shaida ɗaya, sannan a biya. Office ɗin kuwa an riga an ɗaure shi da imel ɗin mutumin, na ce ya bar masa kayansa. Babbar kwamfutar da yake yi wa kwastomomi aiki zai tara kuɗi ya saya mata Office 2024, ƙananan biyun da yaran shago ke koyon taifin a kai mun zuba musu LibreOffice ran Asabar.