A Daidaita Sahu Na Gwangwani: Abin Da Na Gani Bayan Na Saya

Makonni biyu da suka wuce na sayi wani ɗan ƙaramin a daidaita sahu na wasan yara a wajen wani matashi da ke baje kolinsa kusa da Kasuwar Kurmi a Kano. Da gwangwanin madara da na tumatir ya ƙera jikinsa, ya shafa masa fenti ruwan ɗorawa irin na waɗanda ke zirga-zirga a titunan birnin, amma idan mutum ya leƙa ciki zai hangi rubutun Peak yana nan daram. Tayoyin uku daga tsohon silifas ya yanko su, fitilar gaba kuma murfin kwalbar lemo ce, har da labulen atamfa a gefen fasinja, wanda shi ne ya fi ba ni dariya.

Aikin yana da ƙarko, domin ɗana ya ja shi a tsakar gida kullum, tayar gaba kawai ta ɗan karkace. Aibinsa ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: matashin bai lanƙwasa bakin gwangwanin rufin ba, saboda haka sai da na bi shi da filaya kafin na miƙa wa yaro.