Gudumar zare ƙwayar harsashi: yadda ta fisshe ni a shekarar da kantuna suka bushe

Dala ashirin da 'yan kai na saye ta a watan Afrilun 2021, kuma da na buɗe kwalin sai da na ja tsaki. Roba ce kusan gaba ɗayanta, kamar gudumar wasan yara, kanta rami ne mai murfi a gefe guda. Sai dai ita ce ta kai ni farautar barewa a waccan shekarar, don haka dole in ba ta haƙƙinta kafin in faɗi aibinta.

Ina zaune a kusa da Sakaramanto, a jihar Kalifoniya, kuma na daɗe ina haɗa harsashin bindigata ta .308 da hannuna, abin da dokar nan ta amince da shi. Harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, albarushi, ƙwayar da ke fita ta bakin bindiga, sai ɗan ƙyastun da ke gindin kwanso, wanda ake kira firaima. Kwanso ana sake amfani da shi sau da yawa, ƙwaya da albarushi kuma kowa yana da ragowa a gareji. Ƙyastu ne ba shi da dabara, sai kamfani. A lokacin manyan masu yin sa a Amurka huɗu ne kacal: CCI, Federal, Winchester da Remington. A 2020 annobar korona ta zo, zanga-zanga ta biyo baya, ga zaɓe, jama'a suka yi wa shagunan bindiga ca. A shekarar kaɗai hukumar FBI ta yi binciken masu sayen bindiga kusan miliyan 40. Ana cikin haka Remington ya durƙushe a watan Yuli, masana'antarsa ta Lonok a jihar Akansas ta yi sanyi har sai da kamfanin Vista Outdoor ya saye ta. Ƙyastun da ake samu kuwa kamfanoni suka riƙa zuba shi a nasu harsashin, mu masu haɗawa a gida aka bar mu da hamma. Kwalin dubu da nake saye dala talatin da wani abu ya haura dala ɗari, shi ma in ka gan shi.

Mu 'yan Kalifoniya kuma namu ya fi na kowa. Tun 1 ga Yulin 2019 aka hana farauta da harsashin dalma a duk faɗin jihar, saboda ungulun Kalifoniya da sauran masu cin mushe da gubar ke kashewa. Sai na jan ƙarfe, shi kuwa ya yi ɓatan dabo a kantuna. Abin da na samu bayan yawo shi ne kwali uku na harsashin atisaye mai cikin dalma, guda sittin. A gida ina da rabin kwalin ƙwayar jan ƙarfe da gwangwanin albarushin da na san sunansa. Wani dattijo da muke haɗuwa a filin gwaji ya ce mini, "Ai ƙyastu sittin ka saya, ba ka sani ba." Daga nan na nemi gudumar.

Aikinta ba wuya. Ana saka harsashin a ramin, baki ƙasa, wani ɗan zobe ya riƙe gindinsa, a ɗaure murfi, a buga a kan katako mai tauri. Kwanso ya tsaya cak, ƙwaya kuma nauyinta ya fizge ta ta faɗo, albarushi ya biyo ta. Da farko na ji tsoro, don buga harsashi mai rai a ƙasa ba abin da hankali ke karɓa ba ne, amma babu abin da ke taɓa ƙyastun. Duk da haka ban taɓa yi ba tabarau a idona ba. Kuma kada wanda ya kuskura ya saka ƙaramin harsashin nan na .22 da ƙyastunsa ke cikin leɓen kwanso, domin daidai wurin zoben ke kamawa.

Kwali biyun farko bugu huɗu ko biyar kowane harsashi ya sallama. Na ukun ne ya gwada mini haƙuri. Irin na soja ne, an matse wuyansa an kuma shafe shi da wani baƙin abu kamar kwalta don kada ruwa ya shiga. Na yi bugu ashirin a kan guda ɗaya, ko gezau. Uwargida ta leƙo gareji ta ce, "Maigida, sakwara ake dakawa ne ba a gaya mana ba?" Dattijon nan ne ya sake ceto na: a fara danna ƙwayar ciki kaɗan da injin matsi da ake haɗa harsashi da shi, shafen ya tsage, sannan a buga. Takardar da ke cikin kwalin ba ta ce komai a kan wannan ba, kuma ina ganin sakaci ne.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne maganar albarushin da ke zubowa. Zuciya za ta raya maka ka mayar da shi ka ɗora sabuwar ƙwaya, tunda nauyin tsohuwar ƙwaya da sabuwar ɗaya ne, giren 150 a ma'aunin masu harsashi. Ni ma ta raya mini. To jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, saboda haka ƙwayarsa ta fi tsawo, tana cin wuri a cikin kwanso, tana kuma da tauri wajen bin bututu, matsin da ke tashi ba irin wanda kamfani ya auna ba ne. Shi kansa albarushin kamfani ba a rubuta sunansa a kwali, kuma ido ba ya tantance shi. Da na auna na kwali ukun, kowanne nauyinsa daban, kamanninsa daban. Kakana yana ɗura wa bindigarsa ta toka albarushi da tafin hannu, ya rayu har ya tsufa, amma wannan albarushin zamani ba ya yafe irin wannan ƙiyasi, kuma fuskarka tana ɗan taƙi ne daga inda wutar ke tashi. Na ware albarushin kamfanin gefe ban yi amfani da shi ko kaɗan ba. Na gyara wuyan kwansunan bayan na cire allurar da ke fitar da ƙyastu, na zuba nawa albarushin daga mafi ƙarancin awon da littafin haɗa harsashi ya bayar, na riƙa ƙarawa sannu a hankali ina duba kwanso bayan kowane harbi. Na sojan ma na ware su daban, tunda bangonsu ya fi kauri.

Aibinta uku ne a wurina. Zoben nan ana haɗe shi ne da wata 'yar roba, tawa ta tsinke kafin in kai harsashi na arba'in, ɓangarorin suka watse ƙarƙashin benci. Bakin ƙwaya yana lanƙwashewa in ya daki ƙasan ramin, sai da na cusa soson toshe kunne a ciki. Ga hayaniya da ciwon wuyan hannu. Daga baya na ari irin wanda ake ɗaurawa a injin matsi, ya kama ƙwayar ya zare ta shiru, albarushi na zaune a kwanso. Ya fi ta nesa ba kusa ba, sai dai kowane faɗin ƙwaya da nasa bakin da za ka saya daban. Mai harsashi ɗari biyu ya nemi wancan. Mai ashirin ko sittin irina, gudumar ta ishe shi.

Cikin sittin ɗin, ashirin da biyar sun tafi wajen gwaji da daidaita madubin bindiga a yadi 100. Da aka buɗe farauta a yankinmu ranar Asabar ta biyu ta watan Agusta na fita da biyar a aljihu, na dawo da huɗu da naman da ya kai mu har sanyi. Yanzu ƙyastu ya dawo kantuna, ko da yake farashin bai koma gidan jiya ba. Gudumar tana rataye a ƙusa, ina sauko da ita duk ranar da na yi shakkar awon da na zuba a wani kwanso.