Daga Singafo zuwa New York: kai tsaye ko ta Frankfurt?

Kamfanin Singapore Airlines yana da hanyoyi biyu na kai fasinja daga filin jirgin saman Changi zuwa filin JFK da ke New York. Ta farko tafiya ce ta kai tsaye mai nisan kimanin kilomita 15,300, wadda jirgin Airbus A350-900ULR ke yi cikin awa 18 zuwa 19 ba tare da ya sauka ko'ina ba. Sai dai an cire kujerun masu ƙaramin kuɗi daga cikinsa domin a rage nauyi, saboda haka kujeru 161 kacal gare shi, kuma tikitinsa yana da tsada.

Ta biyu tana yada zango a Frankfurt ta ƙasar Jamus. Zangon farko yana cin kimanin awa 13, na biyu kusan awa 9, idan kuma aka haɗa da jiran da ake yi a ƙasa, tafiyar takan kai kimanin awa 24, nisanta kuma ya haura kilomita 16,000.

A ganina ɗan kasuwar da lokaci ya matsa wa ya fi dacewa da ta farko, amma dattijo ko mai tafiya da ƙananan yara zai fi samun sauƙi idan ya sauka a Frankfurt ya miƙe ƙafa.