Inshorar mota ta biya ni, amma sai da aka bincike ni tas

Yawancin mutanenmu a Kano sun ɗauka takardar inshora ta nuna wa 'yan sanda da 'yan KAROTA ce kawai, a ninke a cusa a aljihun mota shikenan. To ni dai an biya ni, alat ya shigo na gani da idona. Amma in aka ce in ba kamfanin nan maki cikin goma ba zan wuce shida ba, kuma ba zan kama sunansu ba, abin da ya faru kawai zan faɗa.

Motata Corolla ce, da bashin wurin aiki na saye ta, kuma sharaɗin bashin shi ne dole a yi mata cikakkiyar inshora wato kwamfirehensif, ba irin tad-fati da kowa ke yi ba, wadda ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya. Tsada gare ta gaskiya, kashi 5 cikin ɗari na darajar motar duk shekara, wannan shi ne mafi ƙarancin da NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta yanke tun Janairun 2023, lokacin da ita ma tad-fatin ta tashi daga N5,000 zuwa N15,000 aka ɗaga diyyar ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3.

Hatsarin ba wani babba ba ne. Ina tsaye a danja kan titin Zariya bayan la'asar wani bawan Allah mai Sharon ya daki bayana, bamba ta tsage, fitilar baya ta hagu ta fashe, but ya lotsa har ya daina rufuwa. Babu wanda ya ji ciwo alhamdulillah. Kafin ka ce kwabo an taru ana ta "a yi haƙuri Alhaji tsautsayi ne". Mutumin bai yi gardama ba, ya ɗauko takardar tad-fatinsa, na danna *565*11# na sa lambar motarsa, babu ita a rumbun NIID, inda ake ajiye bayanan inshorar motoci ta gaske, kwata-kwata. Ta bogi aka yi masa a wajen sabunta takardu, shi kansa bai sani ba, sai rantsuwa yake "wallahi yallaɓai dubu sha biyar na bayar cif". Na yarda da shi. Tun 1 ga Fabrairun 2025 da 'yan sanda suka fara kamen marasa inshora mutane suka yi ta rububin yin takarda, amma masu duba ko ta gaske ce 'yan kaɗan ne. Da tasa mai kyau ce kamfaninsa ne zai gyara min, tunda babu sai na koma kan tawa.

Ejan ɗin da ya sayar min da inshorar, wanda in lokacin sabuntawa ya zo har gaisuwar Juma'a yake turo min, sai ya zama in na kira ya ce yana mitin. A ofis aka ba ni fom, aka ce in kawo lasisi da takardun mota da hotuna da rahoton 'yan sanda da bayanin yadda abin ya faru a rubuce, da kiyasin gyara daga gareji. Wannan duk ban ga laifinsu ba. Sai aka ce kar a taɓa motar sai an zo an duba, haka na yi ta yawo da but ɗaure da roba, duk ramin da na faɗa sai ya buga.

Ashe fayil ɗina an tura shi wajen masu binciken zamba, dalili kuwa ban daɗe da sabunta inshorar ba abin ya faru, su kuma a wajensu duk wanda ya biya yau ya zo da hatsari gobe abin zargi ne. Babu wanda ya gaya min, sai kira na samu daga wani mutum wai zai zo ganin mota.

Dattijo ne, da 'yar tocila da tef ɗin awo. Ya gaishe ni da mutunci, sannan ya tsuguna bayan motar ya haska cikin inda fentin ya ɓare yana goga yatsa, tsatsa yake nema, don in lotsawar ta daɗe ƙarfen zai nuna. Ya auna tsayin wurin daga ƙasa ya rubuta, ya ce zai je ya auna gaban Sharon ɗin ya ga ko sun dace. Ya kankare ɗan fentin waccan motar da ya manne a bambata ya duba kalar. Hotunan da na tura ta WhatsApp ya ce ba su yi masa ba, na cikin wayar yake son gani saboda WhatsApp yana goge rana da lokacin da aka ɗauka, sai da na buɗe masa ya gani. Daga nan tambayoyi. Daga ina nake, ina za ni, wa ke tuƙi, na san mai Sharon ɗin a da, ina ɗaukar fasinja da motar ko da jefi-jefi ne. Sai ya ɗan yi hirar tsadar mai ya dawo ya sake tambayar da wata siga, "Malam ka ce unguwarku ɗaya da shi ko?" Na ce Baba ban ce ba. Ya yi murmushi ya rubuta. Tambayar fasinja ma ba ta banza ba ce, inshorar motar gida ba ta rufe haya, in ka ce eh kana yi ka ba su hujjar ƙin biya da bakinka.

Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, ni aka buga kuma ni ake tuhuma. Abin da ya sanyaya ni shi ne tuna maganar mai gyarana ranar da na je karɓar kiyasi. Yana jin inshora ce ya gyara tsayuwa ya ce "Oga bari mu haɗa da ƙofar nan da ta karce tun bara, mu sa fentin mota gaba ɗaya, ai kuɗin kamfani ne". Na ce a'a abin da aka buga kawai. Duk da haka ya rubuta kuɗin fitila sabuwa dal alhali ni da shi mun san kasuwar Ƙofar Ruwa zai je ya ɗauko ta hannu. Dattijon nan kuwa ya san farashin Ƙofar Ruwa fiye da mu, kallo ɗaya ya yi wa takardar ya ja layi. Akwai mai yin hatsari sannan ya ruga ya sayi inshora, akwai abokai biyu da za su shirya karo da tsofaffin motoci su raba, to wake ɗaya ne ke ɓata gari, mu da ba mu ci ba mu ke amsa tambaya.

Wani abin da ban zata ba, ya tambaye ni ko na karɓi kuɗi a hannun mai Sharon ko na rubuta masa na yafe. Da ma 'yan uwansa sun zo har gida ban haƙuri da ɗan abin da suka haɗa, na ce su riƙe. Ya ce gara da ban karɓa ba, don in kamfani ya biya ka haƙƙin bin wanda ya yi ɓarnar ya koma hannunsu, ba a cin biyu. A al'adarmu ta sulhu a bakin titi wannan na iya jefa mutum cikin matsala bai sani ba.

Shi mai binciken ban da abin da zan ce a kansa, ya san aikinsa, bai nemi ko na ruwa ba. Inda suka rasa maki a wajena shi ne ofis. Bayan ya kai rahoto sai shiru, ka kira a ce fayil yana hedikwata, ka sake kira a ce wanda zai sa hannu ya yi tafiya, ba mai kiranka ya ce ga inda aka kwana. Sai da na rubuta imel na ce in ba a ba ni amsa a rubuce ba zan kai ƙorafi NAICOM, nan da nan takardar tayin biya ta fito.

Ita ma takardar da nata. An zaftare kuɗin fitila, wannan na yarda. An cire kashi 10 cikin ɗari wai eksas, kason da mai mota ke ɗauka a duk hatsari, sannan an sake rage wani abu wai bambata tsohuwa ce za a sa min wadda ta fi ta. Duk suna nan a rubuce cikin ƙananan rubutun takardar inshorar, ba ƙarya suka yi ba, amma ranar karɓar kuɗina ejan bai ambaci ko ɗaya ba, cewa ya yi "komai ya faru mu ne". Kuma in ka sa hannu a takardar amincewa da biyan magana ta ƙare, don haka sai da na sa suka rubuto min lissafin dalla-dalla kafin in sa. A ƙarshe abin da ya shigo ya ɗauki kusan kashi biyu cikin uku na gyaran, na cika sauran daga aljihu.

Bashin motar zai ƙare baɗi. Ina tunanin komawa kamfanin takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, akwai su da lasisin NAICOM kuma hankalina ya fi kwanciya da tsarin ta fuskar addini, ko da yake na san su ma suna da masu bincikensu. Duk inda zan je dai tambayata ta farko ita ce eksas nawa ne, sannan wa zan kira in an buge ni, suna da lamba, kuma a rubuta min.