Zama takwas na allurar Sin saboda ciwon ƙugu

Shekara biyu na yi ina fama da ciwon ƙugu irin wanda yake hana mutum ruku'u, har ta kai ina sallar asuba a kan kujera. Da likitan ƙashi ya duba hoton bayana ya ce babu abin da ke buƙatar tiyata, sai na gwada maganin allurar Sin, wato akufanca, a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Abuja.

Wurin yana da tsabta, kuma a gabana likitan yake ɓare sababbin allurai daga ledarsu, abin da ya kwantar mini da hankali. Alluran sirara ne kamar gashi, babu ruwan magani a cikinsu. Yakan kafa wajen goma a ƙugu da bayan gwiwa, in kwanta rub da ciki kusan rabin awa, ba na jin zafi sai wani nauyi da ɗan tsami a inda allurar ta zauna. Sai a zama na huɗu na fara sunkuyawa in ɗaura igiyar takalmi ba tare da na dafa bango ba. Ciwon bai tafi ba, amma ya lafa, kuma na rage shan magungunan kashe zafi da suka fara ƙona mini ciki.

Inda ban gamsu ba shi ne batun kuɗi. Tun ranar farko aka so in biya na zama ashirin a dunƙule, ga shi inshorar lafiyata ba ta ɗauki ko kwabo ba, kuma kuɗin zama ɗaya ya zarce abin da nake kashewa kan magani a wata guda.

Ƙasashen da ke lissafin kuɗin jinya ma bakinsu bai zo ɗaya ba. A wani babban gwajin allurar Sin da aka yi a Jamus, aka buga sakamakonsa a 2007, wanda ya ƙunshi masu ciwon baya 1,162, kusan kashi 48 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar gaske sun sami sauƙi, waɗanda aka tsira wa sama-sama ba a gurbin da ya dace ba kashi 44, masu jinyar da aka saba kuwa kashi 27. Jamus ta amince inshora ta riƙa biya, amma a 2016 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce kada a bayar da allurar don ciwon baya, tunda ta gaske ba ta tsere wa ta bogi ba. Shirin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, kuwa, tun 2020, yana biyan zama 12 cikin kwana 90, ya ƙara 8 kawai ga wanda ya ga sauƙi.

Wannan ƙa'idar ta Amurka ta fi kwanta mini, don haka na ƙi biyan dunƙule, na riƙa biya zama-zama. A na takwas na ga sauƙin ya tsaya wuri ɗaya, sai na dakata, na mai da ragowar kuɗin ga likitan gashin ƙashi da motsa jiki.